Kafin ka ƙwace wayar, tambayi yaron abin da ke damunsa

Koken iyaye a yau kusan iri ɗaya ne: yaro ya kwana yana buga Free Fire ko PUBG, asuba ta wuce shi, kuɗin tara duk ya tafi a sayen data. Maganin da aka saba shi ne a ƙwace waya a haɗa da bulala. A ganina, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Ma'auninta shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan karatu da barci da jama'a, kuma ya ci gaba alhali yana ganin illa, har tsawon wata 12. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba. To, me ya sa wasu ke nutsewa?

A ajin da nake koyarwa akwai wani yaro mai tsananin kunya. In na ce ya tashi ya karanta, takardar har rawa take yi a hannunsa. Amma a cikin gem shi ne jagoran tawaga, shi ke ba da umarni. Da na zauna da shi, sai na gane gidansu kullum rigima ake yi, mahaifinsa kuwa ya fita kasuwa tun safe sai dare, in ya dawo magana sai tsawa. Fargaba ce ke cin yaron, wasan kuma shi ne wurin da yake samun sa'ida.

Hani kaɗai ba ya isa. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa a intanet daga tsakar dare zuwa shida na safe, amma yara suka riƙa shiga da sunan iyayensu. A 2021 aka soke dokar.

Ya ku iyaye, a sa lokacin wasa tare da yaron, kuma kowa ya ajiye waya da dare, har da maigida. A riƙa zama ana jin damuwarsa ba tare da zagi ba. In ya daina ci, ya daina barci, ko ya guje wa mutane, a kai shi wurin likita. Neman magani ba abin kunya ba ne.