Daga Ɗambatta zuwa Alƙahira: watanni ukun farko

Da yawa daga cikinku da ke aji shida a makarantun Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Tsanyawa, musamman masu haɗa boko da Islamiyya, burinku Jami'ar Azhar ta ƙasar Masar. Tsohuwar hanya ce: Malam Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsinen nan masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Yau bari mu ɗauka an samu gurbi, an sayar da sa ko buhunan gyaɗa an biya kuɗin jirgi, ka sauka. Sai me?

Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, sun fi mutanen jihar Kano kaf yawa. A garinku ko akuyarka ce ta ɓata an san gidan da za a mayar da ita. Can babu wanda ya san ɗan gidan wane ne kai, kuma abin da zai fara sanar da kai hakan shi ne harshe.

Larabcin da ka koya a Islamiyya na littafi ne, shi ake huɗuba da rubuta jarrabawa da shi. Na titi daban. Bamisire ba ya cewa "jami'a", sai "gam'a". Ruwa "mayya" ne, gurasa "esh", gahawa kuwa "ahwa", don sun haɗiye harafin farko. In za ka tambayi farashi ka ce "bikam", in kana son direban ƙaramar bas ya sauke ka ka ce "ala gamb". Ɗalibin da ya haddace Alƙur'ani ya sha nahawu zai iya tsayawa gaban mai sayar da tumatir ya kasa gane ko kalma ɗaya, har mai tumatirin ya yi masa dariya don ya yi magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Wasu malaman ma a cikin aji sukan zame su koma yaren gari.

A nan ne tarkon yake. Akwai 'yan Najeriya da yawa a unguwar Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, da kuma Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Su za su tare ka, su nuna maka masallaci da kasuwa, su tuƙa maka tuwo ranar da kewar gida ta taso. Ka riƙe su da kyau. Amma in ka kwana da Hausa, ka tashi da Hausa, dare ya yi ka koma WhatsApp kana hira da abokan makarantarku, za ka shekara biyu jikinka na Masar kunnenka na Ɗambatta. A ganina wannan ya fi dariyar mai tumatir ciwo nesa ba kusa ba, domin kuɗin sa aka kashe don ka koyo harshen nan.

Maganin kuwa kun riga kun iya shi tun daga gida: gaisuwa. Yaron da ya saba durƙusa wa dattawa a ƙofar masallaci ba zai rasa bakin gaida mai gadin bene da mai shagon ƙasa ba. Ka zaɓi shago ɗaya ka riƙa sayayya a nan kullum, ka tambayi sunan kowane abu, ka rubuta a ɗan littafi. Ka nemi aboki ko da ɗaya wanda ba ya jin Hausa, ɗan Indonesiya ne ko ɗan Senegal, yadda dole Larabci ya haɗa ku.

Sai takardu. Bizar da ka shiga da ita tana da wa'adi, dole ka nemi izinin zama, wanda ake kira iƙama, a ofishin fasfo da ke Abbasiyya. Layi ne mai tsawo, kuma wanda ya bari wa'adi ya wuce tara zai biya. Ka fara tun makon farko, ka ɗauki hoton fasfonka da takardar makaranta ka ajiye a waya.

Kuɗi kuma ka ɗauke su kamar hatsin rumbu, wanda ake aunawa ya kai wata kakar. Ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da koshari, su ne abincin mai ƙaramin ƙarfi, kuma suna riƙe ciki. Kuka da daddawa da yaji ka taho da su daga gida. Ka taho da rigar sanyi mai kauri, don sanyin Disamba zuwa Fabrairu ya fi hunturunmu cizo.

'Yan mata, Azhar tana da kwalejojinku daban, jirgin ƙasa na cikin gari ma yana da tarago na mata zalla. Kowa kuma ya saita agogon kansa: hutun mako Juma'a da Asabar ne, ranar Lahadi da safe ana aji.