Cinikin Biri a Sama: Magana a Kan Sayen Kayan 'Yan Sanda

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne sha'anin sayen kayan aikin 'yan sandan Nijeriya, watau kaki da takalma, da motoci da mansu, da rigunan sulke da hulunan kwano, da bindigogi da harsasai. Watakila wani ya ce ina ruwan talaka da wannan, ai magana ce ta manya a Abuja. To, da ruwansa ƙwarai, gama kuɗin da a ke sayayyar da su nasa ne, in kuwa an yi cinikin banza shi ne zai sāke biya karo na biyu. Wane ne bai san labarin mutumin da ɓarayi suka shiga wa da dare ba, ya yi sammako ya je caji ofis, aka ce masa mota ba mai, sai ya kawo abin zuba mai sa'an nan a bi sawu? Kurtun da ya faɗa masa haka ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Mai yiwuwa an rubuta kuɗin man a kasafi, an sa hannu an fitar, amma tsakanin Abuja da wannan ofis sun bi ta wata hanya.

Hujjar da na ke so in kafa guda ce. Tsaron dukiyar jama'a ba ya ƙarewa ran da aka ba ɗan kwangila takarda. Wajibi ne ido ya bi kayan tun daga tayi har su shiga hannun wanda zai yi aiki da su, kuma mai odar kaya, da mai karɓarsu a sito, da mai biyan kuɗinsu, kada su zama hannu ɗaya.

Doka dai akwai ta, ba kuwa ta wasa ba ce. A shekarar 2007 aka kafa Dokar Sayen Kayan Gwamnati, ita ce ta haifi hukumar nan da a ke kira BPP. Ta ce in ma'aikatar tarayya za ta yi babbar sayayya sai ta yi shela a jaridu biyu na ƙasa, kowane mai iyawa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe su a bainar jama'a, da shaidu biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar masana wannan sana'a, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke sa ido a kan almundahana. Sa'an nan a ba wanda ya fi rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ku lura da wannan ƙarshen maganar, domin mutanenmu sun ce araha ba ta ado, dokar ma ba ta ce a ɗauki mai araha ko da kayansa rubabbu ne ba. Ta kuma haramta a ɗauki kwangila guda a yayyanka ta ƙanana don kowace ta wuce ƙarƙashin iyakar da za ta sa a kai ta gaban BPP. Ma'aikacin gwamnati da aka kama da irin wannan laifi, ɗaurinsa ba ya kāsa shekara 5, ba zaɓin tara, ga kora daga aiki.

To, in doka ta yi kyau haka, ta ina ƙadangare ya sami shiga? Na ga tsaga biyu a bangon. Ta fari, dokar ta ce a naɗa wata majalisa ta ƙasa wadda za ta zauna bisa BPP ta tsara mata hanya, amma har aka shekara 15 da kafa dokar ba a naɗa ta ba, manyan kwangiloli suka ci gaba da fitowa daga zaman majalisar ministoci, alhali ministocin nan su ne masu ma'aikatun da ke sayayyar. Ta biyu ita ta fi shafar maganarmu. Sashe na 15, yadda aka rubuta shi a 2007, ya keɓe kayan musamman da suka shafi tsaron ƙasa, ya ce dokar ba ta hau kansu ba sai da iznin Shugaban Ƙasa. Ban musa hikimar wannan ba. Ba mai hankalin da zai ce a buga wa 'yan fashin daji irin na'urar da a ke bin sawun wayarsu da ita, ko yawan harsasan da ke wani bariki. Amma kalmar tsaro bargo ce mai faɗi, in aka sakar wa mutum ita sai ya rufa da ita ya rufe jakinsa. Wane asiri ke cikin takalmin kurtu? Wane asiri ke cikin taya, da katifa, da kwanon rufin bariki, da man mota? Abin da na ke gani daidai shi ne a rubuta sunayen kayan asiri ɗaya bayan ɗaya a daftari gajere, duk abin da bai shiga ciki ba a saye shi a sarari. Kayan asirin ma kada a bar su ba mai gani: a sa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya da 'yan kwamiti kaɗan na Majalisa su duba lissafinsu a ɗaki rufe, bisa rantsuwa.

Yanzu bari in zo inda na fi so mu daɗe, watau karɓar kaya da ajiyarsu, gama nan ne ido ya fi yin barci. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na shekarar 2019 ya ce ya zuwa watan Disamba na 2018 akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda waɗanda ba a iya nuna inda su ke ba, cikinsu har da bindiga ƙirar AK-47 guda 88,078. Ya kuma ambaci waɗansu bindigogi 3,907 da ba a ba da bayaninsu ba ya zuwa Janairu na 2020. Da kwamitin Majalisar Dattawa ya tā da maganar a farkon 2025, rundunar ta amsa cewa ba duka ne suka ɓata ba: waɗansu suna hannun jami'an da suka fita aiki sa'ad da masu bincike suka zo, waɗansu an ƙwace su ne a hare-haren da aka kai wa ofisoshi da jami'ai. Mu ɗauka duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ashe amsar da kanta ba ta nuna ciwon ba? Bindigar da ke hannun jami'i, ai kamata ya yi littafi ya nuna lambarta, da sunan mai riƙe da ita, da ranar da ya karɓa. Wadda aka ƙwace kuwa, a sami takardar rahotonta da kwanan wata. In littafi na nan daidai, ba a bukatar shekaru kafin a amsa tambaya, yini guda ya isa. Kuma ku tuna, bindigar da ta fita daga lissafin hukuma ba ruɓewa ta ke yi ba. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san inda irinta ke ɓullowa.

Wanda bai san abin da ke rumbunsa ba, ta yaya zai san abin da zai sayo a kasuwa? Wannan shi ne haɗin ajiya da ciniki. In ba a san motoci nawa ke tafiya ba, nawa ke kwance bisa duwatsu a bayan ofis don rashin abin gyara na kuɗi kaɗan, sai a yi ta odar sababbi, domin sabuwar mota ita ke da biki da hoto, gyaran tsohuwa ba shi da makaɗi.

Waɗansu na cewa duk ciwon ƙarancin kuɗi ne. Lalle akwai ƙaranci, ban ƙi ba. Don haka ne a 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, aka yanka masa wa'adin shekara 6, doka ta ce a riƙa zuba masa kwabo 50 cikin kowace naira 100 da ta shiga asusun tarayya, ko da ya ke a 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bisa ƙarar da Jihar Ribas ta kai, ta ce cire kuɗin ta wannan hanya ya saɓa wa tsarin mulki. Amma tun a 2021 jaridu suka ba da labarin hukumar ICPC na bincike a kan zargin cewa waɗansu rigunan sulke da hulunan kwano da aka saya ta asusun ba su kai ingancin da a ke bukata ba. Zargi ne, ban yanke wa kowa hukunci ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, ƙarin ruwa ba ya gyara tulu mai yoyo, kuma rigar sulke ba abar da za a karɓa da ƙirga kwali ba ce. A zari kaɗan daga kowane kaya da aka kawo, a kai fili, a harbe su a gaban jami'an da za su sa su, kāna a sa hannu. Kuɗin kafin alƙalami a ba da shi bisa lamunin banki, sauran kuwa kada ya fita sai takardar shaida ta komo daga ofishin da kayan suka sauka, da sa hannun mai riƙe da sito da na shugaban ofishin, ba ta hedkwata kaɗai ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan raba hannuwa, mun riga mun ga abin da haɗa su ke haifarwa. Tafa Balogun ya riƙe muƙamin Sufeto Janar daga 2002 zuwa farkon 2005, hukumar EFCC ta kai shi kotu a kan dukiya mai yawa, ya amsa laifi a watan Nuwamba na 2005, aka ɗaure shi wata 6. Duk tsawon lokacin da abin ke gudana akwai akawuna da ma'aji da masu binciken cikin gida, amma dukansu a ƙarƙashinsa su ke. Yaro ba ya binciken aljihun ubangidansa. Saboda haka mai binciken kuɗi na cikin rundunar, naɗinsa da cirewarsa da ƙarin girmansa su fito daga waje, rahotonsa kuma ya tafi waje kai tsaye.

Na san abin da za a ce: wannan duk jinkiri ne, ga 'yan bindiga a bakin gari, a tsaya jiran shela a jarida? Dokar 2007 ta riga ta buɗe ƙofar sayayyar gaggawa, da sharaɗin a kai wa BPP cikakken bayani bayan an ƙare. A bi ta wannan ƙofa in gaggawar ta gaskiya ce. Amma kaki da takalma da mai, kowace shekara an san za a bukace su, wanda ya bari sai watan ƙarshe sa'an nan ya ce gaggawa, shi ya ƙirƙire ta.

Ku kuma masu karatu, akwai abin da ke hannunku. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ita kuwa ta amsa cikin kwana 7, ko ta faɗi dalilin hanawa a rubuce. Ƙungiyar unguwa, ko ta 'yan kasuwa, ko ta direbobi, tana iya rubuta wa hedkwatar 'yan sanda ta tambaya: motoci nawa aka aiko wa ofishin yankinmu cikin shekara ukun da suka wuce, nawa ne kuɗin mansu a wata, wa ya sa hannu ya karɓa? Ku sa kwanan wata, ku nemi a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe kwafi. In kwana 7 sun cika ba amsa, dokar ta ba ku kwana 30 ku kai maganar gaban kotu.