A YANKA WA UNGOZOMA LADANTA

Duk wanda ya san unguwannin Jalingo, daga Sabon Gari zuwa Magami da Mayo-Gwoi, ya san tsohuwar da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta taso. Ita ke yanke cibiya, ita ke binne mabiyiya, ita ke wankan jariri har ranar suna. To, mene ne ladanta? Zane ɗaya, da sabulu, da ɗan rabo daga ragon suna, sai "Allah ya saka". Wanzami yana da kuɗinsa, mahaucin da ya feɗe ragon yana da nasa, maroƙi ma ba ya barin ƙofar gida hannu rabbana. Ita kaɗai ake cewa aikinta na Allah ne, ba a yanka masa farashi.

Wannan magana yaudara ce da aka yi wa rawanin addini. A da, lokacin da rumbu ke cike, damin dawa lada ne na gaske. Amma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 har zuwa janye tallafin man fetur a 2023, alherin nan ƙanƙancewa yake ta yi, aikin kuwa bai ragu ba.

Illar ba ta tsaya kan tsohuwa ba. Wadda abincinta ya rataya a kan haihuwar gida, da wuya ta yi saurin cewa a tafi asibiti, domin ranar da mai naƙuda ta shiga Asibitin Tarayya na Jalingo, ranar ce rabonta ya faɗi. A cikin wannan jinkiri jini ke ɓallewa, jijjiga ke kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai.

Jihar Ondo ta taɓa gwada wata dabara: a biya ungozoma duk lokacin da ta kai mai ciki asibiti ta haihu. Me zai hana Taraba? Ƙaramar hukuma da masu unguwanni su zauna su yanke lada sananne: wani kaso daga maigida domin hidimar jego, wani daga gwamnati domin rakiya zuwa asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ware asusu domin kiwon lafiya a matakin farko.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Mu kuwa askin muke nema, ladan muke ɓoyewa. Sai mun biya ta haƙƙinta muke da bakin tuhumarta in ta yi jinkiri.