Ajiyarmu a gidan haya: wa ke riƙe da makulli?

Ranar 20 ga Oktoba 2025, wata matsala a cibiyar bayanan Amazon da ke jihar Virginia ta Amurka ta tsayar da manhajoji da dama, har da Snapchat, na tsawon sa'o'i. Matashin da ke Nima ko Aboabo ya ga wayarsa ta ƙi, bai san laifin daga wata nahiya ya taso ba.

Abin da ake kira "girgije" ai ba gajimare ba ne. Kwamfutoci ne jibge a manyan gine-gine na Amazon, Microsoft da Google, kai kuma kana biyan haya wata-wata don a ajiye maka hotuna da takardu da lissafin kasuwanci. Yana da amfani, ba musu: waya ta ɓace, kayanka na nan. Sai dai ni abubuwa uku ke damuna.

Na farko, hanya. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Hukumar sadarwar Ghana ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. Manyan cibiyoyin da kamfanonin ukun suka buɗe a Afirka tsakanin 2019 da 2024 duk a Afirka ta Kudu suke. To, ajiyar da sai ka tsallaka teku kafin ka taɓa, ranar da hanya ta yanke me za ka yi?

Na biyu, kuɗi. Galibin farashin da dala ake yanka shi, alhali a 2022 kaɗai sidi ya yi asarar kusan rabin darajarsa. Kuma mai gida shi ke sauya sharaɗi. Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka daga Yuni 2021, sannan a 2024 ajiyar WhatsApp ta fara cin GB 15 ɗin da yake bayarwa kyauta. Sai ka saba, sannan a ce biya.

Na uku, doka. Dokar CLOUD ta 2018 ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko a ina aka ajiye su. Ghana na da tata dokar kare bayanai tun 2012, amma ƙarfinta a kan kwamfutar da ke Virginia kaɗan ne.

Ban ce a gudu daga girgije ba. Amma makaranta, asibiti ko ɗan kasuwa, kowa ya riƙe kwafin muhimman takardunsa a hannu, ya kuma san yadda zai kwashe kayansa kafin ya fara biya. Gwamnatocinmu kuwa su matsa a ajiye bayanan 'yan ƙasa a cibiyoyin cikin gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara.