Daga Tashar Kafanchan Zuwa Bakin Teku

Kwanakin nan ana yawan nuna wa jama'a hotunan manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar masu hutu daga wannan tasha zuwa waccan a gaɓar Turai da Amurka, su kwana cikin jirgi, su yini a gari. Saurayin Kafanchan in ya ga irin wannan sai ya ɗauka al'amari ne na wata duniya dabam, tun da shi kogin Wonderful da ruwan Matsirga su ne iyakar ruwansa. To, ba haka abin yake ba. An yi zamanin da mutum zai hau jirgin ƙasa a tashar garin nan, bayan 'yan kwanaki ya tsinci kansa yana cinikin abarba a kasuwar Takoradi, jirginsa na jiransa a bakin ruwa.

Asalin abin kuwa dogo ne. Cikin 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos. Kuzar Filato da cittar ƙasar Jaba da Kachia duk ta nan suke bi su isa teku. Mutane kuwa, watau ma'aikatan Gwamnati masu tafiya hutu, da Turawan mishan na Kagoro, da ɗaliban da suka sami tafiya karatu Ingila, sai su bi ta Kaduna da Minna da Jebba har Ikko, inda jiragen wasiƙa na kamfanin Elder Dempster ke tsayawa a Apapa.

Jiragen nan uku ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Accra na 1947, da Apapa na 1948, sa'an nan Aureol wanda aka ƙera a Glasgow, ya fara tafiya cikin 1951. Shi ne babbansu, nauyinsa ya ɗara tan 14,000, fari fat, bututun hayaƙinsa rawaya, an kuwa ba shi sunan wani dutse da ke bisa birnin Freetown. Tsakanin Ikko da Liverpool tafiyar wajen mako biyu ce, ana yada zango a Gana, da Saliyo, da tsibirin Las Palmas.

Mai karatu ya ɗauki yini guda daga cikin kwanakin nan, a ce ranar isa Takoradi. Gari na wayewa sai a hango gaɓa, injin ya rage ƙara, ƙananan jirage su zo su ja babban zuwa bakin tasha. Wanda jiri da amai suka kwantar tun fitowa daga Ikko, ranar ce yakan fara neman abinci. A benen sama an buga ƙararrawar karin kumallo, masu hidima cikin fararen kaya suna ta kai da kawowa da shayi da ƙwai. Mai ɗaki a can ba shi da wani aiki sai tunanin ko ya sauka ya ga gari, ko ya yini a bakin kududdufin wanka da littafinsa. Hutunsa ya fara tun ranar da ya hau, don albashi na tafiya, kuɗin jirgi kuwa galibi ba daga aljihunsa ya fito ba.

Amma a ƙasa, a sararin jirgi inda ake ɗibar fasinjojin gaɓa, yinin wani iri ne. Nan babu ɗaki, sai tamfol da aka shimfiɗa bisa kai. Kowa da tabarmarsa da butarsa da ƙullin garinsa, mata 'yan kasuwa sun jera kwanduna sun zauna a kansu, mai goro yana duba huhunsa kada zafi ya lalata masa jari. Su waɗannan ba su san hutu ba, kasuwa ce ta kawo su. Ko alƙibla ma sai an yi ta tambaya, gama jirgi in ya juya, gabas ɗin ɗazu ta koma bayan mutum. Abin mamaki shi ne su ne suka fi sanin hanyar. Tun kafin a haifi yawancin masu benen sama, Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, ya riga ya gane cewa a ɗora goron Asante a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi a bi da shi ta ƙasa da jakuna wata da watanni.

Da an sauke tsani, sai hayaniya ta kaure. Tashar Takoradi, wadda aka buɗe cikin 1928, ta koko ce da katako da ma'adinin manganis, saboda haka ƙugiyoyin ɗaga kaya ba su hutawa, 'yan dako na ta ihu, 'yan koli sun baza zannuwa da sassaƙe-sassaƙe suna jiran Turawa. Bature yakan ɗauki mota ya zaga, ya sha iska, ya komo. Ɗan Arewa kuwa, ko Bahaushe ne ko Bajju ko ɗan Kagoro, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yana shiga kasuwa sai ya ji Hausa. Mahauci ko mai tsire ya dube shi ya ce, "Malam, sannu da zuwa, daga ina? Yaya aka baro mutanen gida?" Kafin ya ankara an ja shi zango, an kawo ruwa, an kawo tuwo, an nuna masa masallaci in mai salla ne, an kuma danƙa masa wasiƙu uku huɗu da saƙon baki, ko Allah zai sa ya gamu da wani ɗan'uwa a gaba. Ɗalibin da ya bar Kafanchan yana tsoron baƙunci, sai ya tarar harshen kasuwar garinsu ya riga shi isa bakin teku.

Sai dai yinin tasha gajere ne, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Da la'asar sakaliya akan busa ƙaho, mai hankali ya riga ya komo da abarbarsa da lemonsa. A janye tsani, a kwance igiyoyi, fitilun gari su yi ta ƙanƙancewa. A sama an sa kwat an zauna cin abincin dare, ana kiɗa. A ƙasa an kunna hira cikin harsuna biyar ko shida, har barci ya kwashe mutane. Bayan 1962, da aka buɗe tashar Tema kusa da Accra, zangon Gana ya koma can. A Freetown ma haka yinin yake, sai dai can matafiyi yakan nemi ganin tsohon rimin nan na tsakiyar birni, wanda guguwa ta kayar cikin Mayu 2023.

Jirgin sama ne ya kashe wannan tafiya. Mutumin da zai isa London cikin yini ɗaya ba ya yarda ya ba da mako biyu, Turawan mulki masu cika ɗakunan sama kuma sun riga sun koma gida. Aka sayar da Accra da Apapa kafin ƙarshen 1968, Aureol ya ci gaba shi kaɗai. Abin da ba a lura da shi ba sa'an nan shi ne, mai ɗakin sama ya sami abin da ya fi, amma mai tabarma bai sami madadi ba, sai motar haya da shingayen kan iyaka shida tsakanin Ikko da Takoradi in an ƙidaya shiga da fita, ko fiye. Daga baya dogon ma ya yi sanyi, tashar Kafanchan da a da ba ta barci ta zama wurin kiwon awaki. Cikin Maris 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran hanyar Fatakwal zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa garin, cikin 2024 kuma jirgi ya soma tafiya tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa Kafanchan da sauran tafiya mai nisa.

Shi kuwa Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Ikko cikin 1974. Wani attajirin Girka ya saye shi, ya sake masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda, inda aka ɗaure shi shekara da shekaru ya zama masaukin ma'aikata. Cikin 2001 aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya, aka yayyanka shi aka sayar da ƙarfen.