Faɗin Ƙirji Ba Ya Buga Minti Casa'in

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu shugabannin matasa a nan Al Nahda, yau kuma sai mun amayar da ita. Duk daren Asabar mukan yi karo-karo mu kama fili mu buga ƙwallo da sauran baƙi 'yan uwanmu. Minti 20 na farko mu ne da wasa, ana yanka ana tafi. Daga nan sai ka ga an fara dafe gwiwa ana haki, har a zura mana biyu ko uku. Kwanakin baya wani ɗanmu ya gurɗe a irin wannan lokaci, ya yi makonni bai je shago ba, kuma kowa ya san abin da rashin fita aiki ke nufi a Dubai.

Abin mamaki shi ne yawancinmu muna zuwa gidan motsa jiki. Sai dai me muke yi a can? Ɗaga ƙarfe gaban madubi, don ƙirji ya buɗe, damtse ya cika riga.

Masana wasanni sun kasa ƙarfin ɗan wasa gida biyu. Akwai na lafiyar jiki, wato dogon numfashi da zuciya da huhu ke bayarwa, da ƙarfin tsoka da juriyarta, da laushin gaɓoɓi, da ƙarancin teɓa. Akwai kuma na gwaninta, irin su gudu, zafin nama wajen juyawa, iya tsayuwa ba tangaɗi, haɗa ido da ƙafa, ƙarfin zabura da saurin farga. Mu mun ɗauki ƙarfin tsoka kaɗai, muka dogara da baiwa a sauran. To amma na biyun a kan na farko yake zaune. Idan numfashi ya ƙare, ƙafa ba ta bin umarnin ido, tsokar da ke riƙe gwiwa takan saki, a nan ake yin targaɗe. Kuma ina za mu samo numfashin, alhali wuni muke yi a zaune a shagunan Deira ko ofisoshin kago, daga sanyin na'ura zuwa sanyin mota, mu ƙare a cunkoson hanyar Sharja?

Iyayenmu ba su manta da 2013 ba. A filin wasa na Rashid, nan unguwarmu, yaran Manu Garba 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci Suwidin 3 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka ci Meziko 3 da nema a Abu Dabi suka ɗauki kofin duniya. Kyaftin ɗinsu Musa Muhammed, ɗan Kano, mai tsaron baya ne da ke hawa da sauka tun farkon wasa, kuma shi ya jefa ta ukun ana dab da tashi. Wanda ya gaji ba ya wannan.

Su dattawan nan da langa suka tashi, ana tsalle da ƙafa ɗaya ana ture juna, ba su san horon tsayuwa suke yi ba. Ƙannenmu da aka haifa a hawa na goma fa? Don Allah iyaye ku riƙa sakinsu suna fita.

Kada wani ya kawo mana uzurin zafi. Gaskiya daga Yuni zuwa Satumba hukuma kanta kan hana aikin rana a waje, amma bayan asuba da bayan isha'i suna nan, ga lambun Al Nahda Pond Park da hanyar gudu kewaye da tafkinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta nema a mako, shirin 30x30 da Dubai ta fara a 2017 kuwa minti 30 ne a rana.

Saboda haka muka yanke shawara. Daga makon nan, duk wanda bai zo gudun Talata da Alhamis ba, ba zai sa rigar ƙungiya ranar Asabar ba, ko da shi ya biya kuɗin fili.