Maganin barcin da ba a sayarwa a kantin magani



Kwanakin baya wata matashiyar uwa ta shigo kantin da nake aiki bayan sallar Isha'i, goye da ɗanta, idanunta sun yi jawur. Ta ce, "Anti, don Allah ki ba ni Piriton na ruwa." Na tambaye ta ko mura yaron yake yi ko ƙaiƙayin jiki. Ta ce lafiyarsa ƙalau, barci ne ba ya yi sai sha biyun dare, in kuma aka karɓe wayar da yake kallo sai ya cika gida da ihu. Ƙawarta ce ta ba ta shawarar ta riƙa ba shi cokali ɗaya kullum. Shekarar yaron biyu.

Ban sayar mata ba. Wannan magani na borin jini ne da atishawa da ƙaiƙayi, barcin da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Wasu yaran ma maimakon barci sai ya ƙara birkita su, in kuma ya yi yawa yana iya jawo bugun zuciya da sauri har da jijjiga. Washegari na zo mata da wani abu daga gida: tsohon littafin 'yata mai hotuna, wanda duk gefensa ya sha cizo.

Wanda ya rubuta littafin sunansa Eric Carle, kuma abin da ya ba ni sha'awa a tarihinsa shi ne ta hanyar tallan magani ya shigo wannan sana'a. An haife shi a Amurka a 1929, iyayensa Jamusawa suka koma da shi Jamus yana ɗan shekara shida. Can Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi, har aka tilasta masa haƙa ramukan yaƙi yana ɗan shekara 15. A 1952 ya dawo New York da dala 40 kacal a aljihu. Ya yi aikin zane a jaridar New York Times, daga baya ya koma wani kamfanin talla. Wani zanen jan jatan lande da ya yi don tallan maganin borin jini, dangin wanda matar nan ta zo nema, shi ne marubuci Bill Martin Jr. ya gani ya nemi Carle ya zana masa hotunan littafin yara. Littafin ya fito a 1967, lokacin Carle ya doshi shekara 40.

A 1969 ya fitar da wanda ya fi shahara, The Very Hungry Caterpillar, labarin wata tsutsa mai tsananin yunwa. Ranar Litinin ta ci tuffa ɗaya, kullum tana ƙarawa, har ranar Juma'a ta ci lemo biyar. Ranar Asabar ta afka wa kek da askirim da alawa, cikinta ya ɗauki ciwo, sai da ta ci ɗanyen ganye ranar Lahadi ta samu sauƙi. Duk abin da ta ci akwai huda a takardar, daidai yadda ɗan yatsan yaro zai shiga. Saboda waɗannan hudojin sai a Japan aka samu maɗaba'ar da ta iya buga shi da farko. An sayar da sama da kwafi miliyan 50, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 60. Carle ya rasu a 2021 yana da shekara 91, ya bar littattafai sama da 70.

Ku duba abin da yaro yake kwasa a wannan ɗan littafi: ƙirga, kwanakin mako, launuka, da kuma darasin da nake fama da shi a kanti kullum, cewa yawan zaƙi yana ɓata ciki. Duk wannan yana zaune a cinyar uwarsa ko ubansa, yana jin muryar da ya fi sani a duniya.

Likitoci sun daɗe da gane amfanin haka. Tun 1989 wasu likitocin yara a birnin Boston suka fara shirin Reach Out and Read, inda ake ba yaro littafi idan an kawo shi awo. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yaro tun yana jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba kallon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta ce a musanya da karatu da ba da labari. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gaban kakanninmu, wannan ba baƙon abu ba ne. Zaman birni ne da aiki da cunkoson hanya suka raba mu da shi.

Ga abin da na faɗa wa uwar nan, kuma nake faɗa muku. A kashe waya da talabijin awa ɗaya kafin barci. A yi wanka, a yi addu'a, a rage haske, sannan a buɗe littafi na minti goma, a lokaci guda kullum. In da Turanci aka rubuta shi, ku ba da labarin da Hausa, hoto ba shi da yare. Ku riƙa tambaya: "Ina lemo? Guda nawa ne?" In yaro ya ce a maimaita littafi ɗaya sau goma, a maimaita, da haka yake koyo. In babu kuɗin saye, kwalin madara da tsohuwar kalanda da almakashi sun isa. Carle kansa takarda yake shafa wa fenti, ya yanka, ya manna. Iyaye maza, wannan aikin har da ku.

Kada ku sa rai a dare ɗaya. Yaron da ya saba da waya zai yi kuka na wasu kwanaki, sai an daure. In kuma yana munshari sosai, ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, ko zazzaɓi ko ciwon kunne ne ke hana shi runtsawa, asibiti za a kai shi.

Bayan mako biyu matar ta dawo sayen maganin zazzaɓin mijinta. Ta ce daren farko da na biyu ta sha wuya, amma yanzu yaron da kansa yake jawo littafin, kuma ba za su dawo min da shi ba tukuna. Ta ce shafin ƙarshe ya fi so, inda tsutsar ta rikiɗe ta yi fukafukai, don ta faɗa masa sunanta da Hausa: malam-buɗe-littafi.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.